Motata tana shan baƙin mai, ba yoyo ba hayaƙi: in sauke inji ko in sayar?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2008 mai inji 2.4, ta ci kilomita kusan 190,000. Watannin nan na lura tana shan baƙin mai sosai, kusan lita ɗaya nake ƙara mata kafin in cika kilomita 1,000. Ba na ganin ɗigon mai a inda take kwana, ba na kuma ganin hayaƙi a salansa. Wani bakanike ya ce in koma zuba mai kauri, 20W-50, wani kuma ya ce ba makawa sai an sauke inji. Da motar nan nake kai yara makaranta, da ita nake doguwar tafiya, yanzu kullum gabana faɗuwa yake yi kada injin ya buga mini a hanya. Me ya kamata in yi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka tukuna. Kada ka yarda a sauke injin a wannan makon, kada ka zuba 20W-50, kada kuma tsoro ya sa ka karyar da motar. Injin da ke shan mai yana iya yin shekaru yana aiki lafiya lau, muddin ba a bar man ya yi ƙasa ba. Abin da ke sa inji ya buga shi ne a wayi gari famfon mai ya zuƙi iska maimakon mai, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansu su bushe, ƙarfe ya ci ƙarfe. Wannan kuwa cikin mintuna yake faruwa.

Ga lissafin da ya kamata ya tsaya maka a rai. Injinka lita huɗu da 'yan kai yake ɗauka. Tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin geji, wato sandar auna mai, kusan lita ɗaya ce a yawancin motoci. Idan gaskiya ne kana rasa lita ɗaya duk kilomita 1,000, to mutumin da ba ya buɗe bonet sai ranar juye, bayan kilomita 5,000, injinsa zai ƙafe kafin ranar ta zo. Saboda haka daga yau, duk lokacin da ka tsaya shan fetur, ka zaro geji ka duba, kuma galan ɗin mai irin wanda ke cikin injin ya riƙa kwana a but. Kada ka dogara da jar fitilar nan mai kama da buta da ke gaban direba. Ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin da famfo ke tura shi take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya riga ya faɗi warwas. In ta kama kana tafiya, ko da ƙyaftawa ce a kwana ko wajen taka birki, ka sauka gefen hanya ka kashe mota nan take.

Kafin a taɓa ko da kusa ɗaya, a san adadin da motar ke sha da gaske. "Kusan lita ɗaya" ba awo ba ne, kuma mutane da yawa suna ruɗar kansu saboda yau sun duba mota a gangare da sanyin safiya, gobe sun duba ta a tudu da zafinta. Ka ajiye motar a waje mai daidai, injin ya yi zafinsa na aiki, ka kashe, ka jira minti biyar zuwa goma man ya gangaro ƙasa. Ka zaro geji ka goge, ka mayar har ya zauna, ka sake zarowa. Ka cika man daidai alamar sama, kada ya wuce, ka rubuta kilomitar da motar take. Duk abin da ka ƙara daga nan, ka auna shi ka rubuta. Bayan kilomita 1,000 ka koma waje ɗaya, ka yi awon yadda ka yi na farko. Yanzu kana da lambar da za ka tunkari bakanike da ita, da ita kuma za ka gane ko wani gyara ya yi amfani.

Kowane inji yana ƙona ɗan mai, haka aka ƙera shi. Kamfanoni ma sun yi wa kansu sassauci wajen iyaka: Volkswagen da Audi suna ɗaukar rabin lita a kilomita 1,000 a matsayin abin da bai wuce ƙa'ida ba. Amma lafiyayyen inji yakan kai ranar juye geji bai sauka ƙasa da rabi ba. Naka, in awon ya tabbata, ya wuce misali.

To ina man yake tafiya? Ko dai yana zuba a waje, ko yana ƙonewa a ciki. Rashin ɗigo a ƙasa bai wanke motar daga yoyo ba, domin akwai yoyon da ba ya fitowa sai injin yana aiki, mai yana da ƙarfi. Iskar tafiya ta watsa shi baya, ko ya ɗiga kan bututun salansa mai zafi ya ƙone, ko robar da ke rufe ƙarƙashin inji ta tare shi. A wanke injin ya bushe, a yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, sannan a ɗaga motar a haska fitila. Wuraren da za a duba su ne gasket ɗin murfin saman inji, sil ɗin gaba na karanshaf bayan fule, mahaɗar inji da giyabos inda sil ɗin baya yake, bakin kwanon mai na ƙasa, wasar kusar juye, suwic ɗin fitilar mai, da gindin filta. A wajen filta a lura da kyau, wani lokaci tsohuwar robar takan manne a jikin inji a ɗaura sabuwar filta a kanta, roba biyu kuwa ba sa riƙe mai. A leƙa lagireto ma idan inji ya huce, a ga ko mai yana yawo a saman ruwan. Gaskiya dai yoyon da zai ci lita ɗaya a kilomita 1,000 ba ya ɓuya, ƙarƙashin motar duk zai jiƙe. In an duba an samu a bushe, to ƙonewa yake yi.

Za ka ce ai ba hayaƙi. Lita ɗaya a kilomita 1,000 mililita ɗaya ke nan a kowace kilomita, ɗigo kaɗan ne ƙwarai, kuma katalis, wato na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, yana ƙarasa ƙona yawancinsa kafin ya fito. Direba ma ba ya ganin bayansa da kyau. Ka sa wani ya bi ka a baya da wata mota, ya lura da lokacin da shuɗin hayaƙi ke ɓullowa, domin lokacin shi ne ke nuna inda ciwon yake. In hayaƙin yana fitowa ne a tashin farko da safe sannan ya ɗauke, ko bayan motar ta daɗe tana silo, ko lokacin da ka sauko gangare ƙafarka ba ta kan totur sannan ka taka, zargi ya fi ƙarfi a kan sil ɗin bawul. Robobi ne ƙanana da ke hana man saman inji bin jikin bawul ya gangara cikin silinda, kuma zafi da shekaru suna busar da su. In kuwa hayaƙin yana ƙaruwa ne idan ka taka totur da ƙarfi ko kana hawan tudu da kaya, to ringin fistin ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa, waɗannan wata matsala ce daban.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya kamata a fara da shi kafin a ambaci ringi, wato bawul ɗin PCV. Duk inji yana da ɗan hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen fistin ya sauka ɓangaren da mai yake. Aikin PCV shi ne ya fitar da wannan iska ya mayar da ita inda inji ke shaƙa don ta ƙone. In ya toshe, iskar ta taru ta riƙa tura mai waje ta sil da gasket. In ya maƙale a buɗe, sai injin ya riƙa zuƙar tururin mai kai tsaye. A injinka yana ɗaure ne a jikin murfin sama, tiyo ɗaya a bakinsa. A kwance shi a girgiza, lafiyayye yana ƙara kacau-kacau. A leƙa cikin tiyon, in ya jiƙe sharkaf da mai akwai magana. A mota mai kilomita 190,000 da ba a taɓa canja shi ba, a canja kawai da na asali, aikin minti goma ne. Sai ka sake awon kilomita 1,000. Wani lokaci shan ya ragu sosai, wani lokaci ba ya motsi, amma ko ba komai an fitar da shi daga zargi.

Yanzu ga abin da muka fi zato, kuma ba za mu ɓoye maka ba. Injin 2.4 da ke cikin Camry ta waɗannan shekaru, mai lamba 2AZ-FE, sananne ne da wannan ciwo. Toyota da kanta ta amince da shi a Amurka: a 2011 ta fitar da takardar umarni ga dillalanta kan Camry ta 2007 zuwa 2009 da RAV4 ta 2006 zuwa 2008 da wasu motocin masu wannan inji. Ma'aunin da ta sa shi ne, in mota ta sha fiye da kwat ɗaya a mil 1,200, wato kusan lita ɗaya a kilomita 2,000, a canja fistin da ringi. Daga baya ta ƙara wa'adin garanti na wannan gyara zuwa shekara 10 ko mil 150,000, wanda motarka ta riga ta wuce ta fuskar shekaru. Ba Toyota kaɗai ba, injin 2.0 TFSI na Audi na wajen 2009 zuwa 2011 da wasu injinan Subaru na farkon shekarun 2010 duk sun yi fama da irin wannan.

Ga yadda abin yake faruwa. Kowane fistin yana da ringi uku. Biyun sama suna riƙe ƙarfin fashewar fetur, na ƙasa kuma aikinsa share man da ya fantsama a bangon silinda, kamar yadda waifa ke share ruwa a gilashi. Man da ya sharo yana bi ta wasu 'yan ramuka da ke bayansa a jikin fistin ya koma ƙasa. Don a rage shan fetur, injinan zamani ana yi musu ringi siriri marar matsi sosai. Idan zafi ya dafa mai a wannan lungu, sai ya zama gawayi, ya toshe ramukan, ya manne ringin a cikin gurbinsa. Ringin da ya manne ba ya buɗewa ya taɓa bango, sai man ya tsaya a wurin, wuta ta cinye shi a kowace fashewa. Jinkirta juye, jabun mai, gajerun tafiye-tafiyen da inji ba ya kai zafinsa, da tafasar inji ko da sau ɗaya, duk suna gaggauta wannan.

Kada kowa ya sauke maka inji da ka. A fara kwance fulogi huɗun a jera su yadda suka fito. Wanda bakinsa ya jiƙe da baƙin maiƙo, ko toka mai tauri ta daskare a kansa, silindarsa tana ƙona mai. In man a jikin farin fulogin yake daga sama, a ramin da koyil ke shiga, wannan yoyon gasket ɗin murfi ne, ba ƙonewa ba. Sai a auna kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska na kowace silinda, da inji mai ɗumi, totur a buɗe, batir da ƙarfinsa. Silinda huɗun kada su bambanta da juna da fiye da kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin shayi ɗaya na mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In lambar ta tashi sosai, ringi ne ko bango, in ba ta tashi ba, bawul ne ko gasket ɗin hed. Amma ba nan kaɗai gizo ke saƙar ba: kwamfireshan yana iya fitowa daidai alhali ringin mai ya manne, domin awon ringin sama biyu yake gwadawa. A wannan injin ma hakan aka fi gani. Don haka kyakkyawan kwamfireshan tare da shan mai albishir ne a wani gefen, yana nuna wataƙila bangon silinda bai lalace ba. In akwai mai ƙaramar kyamarar da ake zurawa ta ramin fulogi, a leƙa bangon. Zane-zanen da aka yi masa a masana'anta, masu gicciye da juna, in suna nan to madalla. In an ga ƙarzuwa a tsaye daga sama zuwa ƙasa, ko bangon ya yi sulɓi kamar madubi, ringi kaɗai ba zai yi magani ba.

Batun 20W-50 kuwa, mun san dalilin da ya sa ake ba da shawarar: mai kauri ba ya saurin wucewa ta gefen ringi, sai geji ya ɗan daina sauka, mai mota ya ji daɗi. Amma wannan inji yana da VVT-i, na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, kuma da ƙarfin mai take aiki ta cikin ƙananan hanyoyi da 'yar rariya. Abin da ke ɗame sarƙar taimin ma mai ne ke tura shi. Mai kauri yana jinkirin isa waɗannan wurare a tashin farko, lokacin da inji ya fi cin kansa, kuma ya fi wahalar bi ta ramukan fistin da dama sun fara toshewa. Ka duba abin da aka rubuta a murfin zuba mai ko a littafin motar. In 5W-20 ne, hawa mataki ɗaya zuwa 5W-30 ba laifi a inji mai wannan shekaru. Ka sayi mai mai shaidar API SN ko SP daga inda ka tabbatar ba jabu ba ne, ka canja shi da filta duk kilomita 5,000. Kuma ƙarin da kake yi ba ya maye gurbin juye, domin dattin da ruwan da feturin da suka gauraya da man suna nan a ciki, filta ma tana cika.

Kada ka cika mai ya haura alamar sama da nufin ajiya, karanshaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, PCV ta ƙara zuƙa. Ka duba filtar iska da tiyonta, ƙurar da ta shiga ta tsaga ɗaya tana cin ringi da bango a hankali. In an taɓa cire tamostat, a mayar, inji mai aiki a sanyaye yana tara dauɗa. Magungunan gwangwani masu cewa suna hana hayaƙi, yawancinsu kaurara mai kawai suke yi. Abin da ya ɗan fi ma'ana shi ne jiƙa fistin: a cire fulogai, a zuba sinadarin narkar da gawayi a kowace silinda ya kwana, a zuƙe ragowar, a juya inji ba fulogi don kada ruwan ya lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, sannan a yi juye nan take. Yakan saki ringin da bai daɗe da mannewa ba, amma ba ya buɗe ramin da ya toshe ƙam, saboda haka kada ka ɗora masa dogon buri.

In gwaje-gwajen sun nuna sil ɗin bawul ne, ana iya canja su ba tare da an cire hed ba, a cika silindar da iska mai ƙarfi don bawul kada ya faɗa ciki. In ringi ne, to a yi aikin sau ɗaya, a yi shi daidai. Gyaran da Toyota ta tsara fistin ne da ringi tare, ba ringi kaɗai ba, kuma wanda ya ɗora sabon ringi a kan tsohon fistin mai toshassun ramuka zai dawo gidan jiya cikin 'yan watanni. Ka nemi a auna faɗin kowace silinda a sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, a kwatanta da littafin gyara. A auna tazarar bakin kowane ringi a cikin silindar da zai zauna, a jera su bakunan ba sa kallon waje ɗaya, alamar da ke jikinsu tana sama. Tunda an buɗe, a canja sil ɗin bawul, a duba metal da sarƙar taimin, a wanke rariyar famfon mai. Bulok ɗin wannan inji na alminiyam ne, zaren kusoshin hed ɗinsa yana iya ɓarewa, don haka dole a ɗaure su da sifanar awo bisa tsarin littafi, ba da ƙarfin dantse ba. Bayan gyara, kilomita 1,000 na farko a riƙa sauya gudu, kada a bar ta tana dogon silo, kada a takura ta, sannan a yi juye. In bangon ya ƙarzu, ya fi sauƙi a nemi wani inji, amma ka tuna wanda za ka saya ɗan gidan ne, yana iya zuwa da ciwo iri ɗaya, don haka a duba fulogansa a auna kwamfireshan kafin ka biya.

Shin za ka iya ci gaba da hawa haka ba gyara? Za ka iya, na wani lokaci, in ka riƙe duba geji da gaske. Sai dai tokar man da ke ƙonewa tana kashe katalis da sensar iskar salansa a hankali, tana ɓata fulogi, tana tara gawayi a kan fistin. Alamomin da ke cewa lokacin lallaɓawa ya ƙare su ne shan ya kai lita ɗaya a kilomita 500, fulogi ya riƙa mutuwa inji yana rawa, hayaƙi ya fito fili, ko fitilar cek injin ta riƙa ƙyaftawa. In giyabos da jiki da ƙafafun motar suna da lafiya, gyaran fistin da ringi a hannun wanda ya iya ya cancanci a yi, domin in ka cire wannan ciwo injin mai juriya ne. In kuma ka zaɓi sayarwa, ka gaya wa mai saye adadin da take sha, don kada ya hau ta da iyalinsa bai sani ba.

Doguwar tafiya kafin a yi gyara kuwa, ka cika mai daidai alamar sama kafin ka tashi, ka ɗauki lita biyu a but, ka tsaya ka duba duk kilomita 300. Gudu mai yawa na tsawon sa'o'i yana ƙara shan mai fiye da zirga-zirgar cikin gari, don haka ka sassauta ƙafa, kada ka auna tafiyar da lissafin da ka saba.